Ƙidayar tsuntsayen farauta a Batumi: abin da ɗan sa kai da ɗan kallo za su tarar

Batumi Raptor Count ƙungiya ce ta 'yan sa kai da ke ƙirga tsuntsayen farauta masu ƙaura a kowace kaka, daga kan tuddai biyu da ke arewa da birnin Batumi, a yankin Ajara na ƙasar Jojiya, gab da bakin Bahar Aswad. Wasu ɗalibai 'yan Beljiyam ne suka fara aikin a 2008, kuma tun daga 2012 kusan kowace kaka adadin da ake samu yana haura miliyan ɗaya. Mutane iri biyu ne ke cin moriyarta. Akwai wanda ya nemi shiga cikin masu ƙidaya aka ɗauke shi, aka ba shi masauki a ƙauye, aka koya masa aikin. Akwai kuma ɗan kallo da ya hau tudun da madubin hangen nesansa ya tsaya a gefe. Dukansu biyu za su ga abin da ba sa gani a wani wuri, amma ribar ɗan sa kai ta fi yawa nesa ba kusa ba, domin abin da ya fi daraja a Batumi tsarin ƙirgar ne, ba yawan tsuntsayen kaɗai ba.

Dalilin da ya sa tsuntsayen ke taruwa a nan shi ne yanayin tashinsu. Manyan tsuntsayen farauta ba sa son kaɗa fiffike na dogon lokaci. Suna jiran rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, su shiga cikinta suna kewayawa har ta ɗaga su, sannan su miƙe fukafukai su sulale zuwa inda wata iskar take. Ruwan teku ba ya tayar da irin wannan iska da rana, shi ya sa waɗanda suka taso daga Rasha da gabashin Turai da yammacin Asiya suke raɓe Bahar Aswad ta gabas. A daidai Batumi duwatsu sun matso har kusa da gaɓa, gajimare kuma yakan lulluɓe kawunansu tun da hantsi. Teku a yamma, dutse da gajimare a gabas, sai hanyar ta zama ƙunci, faɗinta bai kai kilomita 20 ba. Wannan matsatsin shi ya sa mutum goma ko ashirin za su iya tsayawa su ƙirga ƙaurar da ta taso daga ƙasashe masu faɗin gaske.

Tashoshin biyu ne. Ta farko tana kan tudun ƙauyen Sakhalvasho, tsayinta daga teku ya ɗan haura mita 300, ita ce ta fi kusa da gaɓa, daga kanta ana hango teku da birnin Batumi. Ta biyu ita ce Shuamta, kimanin kilomita 4 gabas da ta farko, ta ɗan haura mita 400, tana bakin gandun dajin Mtirala. Sakhalvasho ta fi sauƙin hawa, akwai matakala da dandali da inuwar fakewa, kuma can baƙi suka fi cika. Shuamta akwai hawa mai tsini, idan an yi ruwa ƙasar tana da santsi, amma ta fi shiru, kuma a ƙarshen kaka, lokacin manyan gaggafa, sau da yawa ta nan suke bi kusa-kusa.

A 'yan shekarun nan ana fara ƙidaya 12 ga Agusta a rufe 21 ga Oktoba, kowace rana, daga awa ɗaya bayan fitowar rana zuwa awa biyu kafin faɗuwarta. A 2020 ba a yi ta kaka ba saboda annobar korona. Zaɓen kwanakin zuwa shi ne babban hukuncin da mutum zai yanke, domin kowane nau'i da lokacinsa. Daga kwana goman ƙarshe na Agusta zuwa makon farko na Satumba lokacin shahon zuma ne, Pernis apivorus, mai tone gidan rina ya cinye 'ya'yanta. Shi ne mafi yawa a duk kakar, yakan kai rabin miliyan, kuma a ranar 3 ga Satumba 2012 kaɗai an ƙirga fiye da 170,000. A wannan lokaci ne shahon Montagu, Circus pygargus, ke wucewa, galibi da sassafe da kuma yamma liƙis, ƙasa-ƙasa ta ɓangaren teku. Tsakiyar Satumba ita ce lokacin da nau'o'i suka fi gauraya: shirwa garke-garke, shahon fadama, ɗan'uwansa mai haske Circus macrourus, ƙaramar gaggafa mai gashin ƙafa, gaggafar maciji, da 'ya'yan shahon zuma na bana waɗanda kullum sukan biyo bayan manya da makonni. Daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba sai shahon Buteo buteo vulpinus ya karɓe sararin, dubu ɗaruruwa, tare da gaggafa mai ɗigo-ɗigo ƙarama. Oktoba kuwa adadi yana raguwa, amma a lokacin ake ganin manyan gaggafa irin su Aquila nipalensis da Aquila heliaca. Wanda yake son ganin yawa ya nufi farkon Satumba ko farkon Oktoba. Wanda yake son koyon bambance nau'i ya nufi tsakiyar Satumba, a ganinmu ita ce ta fi amfani ga sabon shiga.

Yadda ake ƙirgar

An raba sararin da ke gaban kowace tasha zuwa shiyyoyi bakwai: uku a yamma da ake kira W1 da W2 da W3, uku a gabas da ake kira E1 da E2 da E3, sai kuma saman kai. Lamba 1 na nufin kusa, 3 na nufin can nesa inda ido kaɗai ba ya iya komai. Tuddai da kwaruruka da ake gani a ƙasa su ne alamun iyaka, sabon zuwa yakan ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya saba da su. Duk abin da aka shigar dole ya zo da nau'i, adadi, shiyya, lokaci, da shekaru ko jinsi idan an gano. Ana shigarwa ne a tabulet ta manhajar Trektellen, kuma da dare kowa a duniya zai iya duba jimillar ranar a shafinta.

Kowane mai ƙidaya yana riƙe da 'yar na'urar ƙirga ta hannu, irin wadda ake latsawa wajen tasbihi, sai dai wannan ta fi girma, lambobinta huɗu. Ƙa'idar farko da ake koya wa kowa ita ce kada a ƙirga tsuntsaye suna cikin kewaya. Lokacin da suka yi cincirindo a cikin iska mai hawa, na gaba suna rufe na baya, wasu suna shigowa ta ƙasa, wasu suna fita ta sama, duk adadin da aka bayar zato ne. Sai an jira sun kai ƙololuwa sun fara sulalewa kudu a jere. A nan ne mai ƙidaya zai zaɓi layi guda a zuciyarsa, ya kafa madubinsa a kai, ya riƙa latsawa duk lokacin da tsuntsu ya ƙetare. Idan kwararar ta yi ƙarfi sai ya koma latsa ɗaya a madadin goma. Idan ta fi haka faɗi, har madubi ɗaya ba ya ɗaukarta, sai a raba: wannan ya ɗauki sama, wancan ya ɗauki ƙasa, ko a tsaga ta gabas da yamma a kan wata alama da duka biyun suka yarda da ita.

Wanda ke latsawa ba shi da damar tantance nau'i, kuma ba a son ya gwada. Aikin wani ne daban. Wannan na biyun yana zaune da babbar na'urar hangen nesa mai ƙafa uku, yana bin kwararar yana tsamo bare: shirwa nawa ke cikin shahon zuma, gaggafa nawa, shahon fadama nawa. Daga baya a cire su daga jimillar. Na uku kuma yana ɗaukar samfuri, yana duba tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya ba tare da zaɓe ba, yana cewa babba ko ɗan bana. Wannan aikin samfurin ba shi da armashi a ido, amma da shi ake gane ko haihuwar bana ta yi kyau a ƙasashen da tsuntsayen suka fito. Kuskuren da aka fi yi a cikinsa shi ne mutum ya riƙa tsallake masu wuyar ganewa yana ƙirga masu sauƙi. Namijin babba yana da sauƙin ganewa, ɗan bana yana da wuya, to idan aka bi son rai sai lissafi ya nuna manya sun fi yadda suke yawa.

Abin da ya fi burge mai lura a tsarin nan shi ne an tanadi wurin rubuta abin da ba a tabbatar ba. Idan an ga tsuntsu matsakaici a E3 cikin hazo, ba a tilasta masa suna, ana shigar da shi a rukunin matsakaitan da ba a tantance ba. Haka akwai rukunin manyan gaggafa da ba a tantance ba, da rukunin MonPalHen (gajerun sunayen Montagu da Pallid, wato mai haske, da Hen a Turance) na mata da 'ya'yan siraran shahunan fadama uku waɗanda suke kama da juna ƙwarai. Daga baya masu nazari sukan raba waɗannan rukunai bisa kason waɗanda aka tantance da kyau a wannan rana. Jagoran tasha ya fi yarda da mutumin da ke yawan cewa bai gane ba a kan wanda kowane ɗigo a sama yana da sunansa a bakinsa. Ƙananan shahuna masu gudu da ke bi ƙasa-ƙasa ta tsakanin bishiyoyi ba sa cikin lissafin yau da kullum, saboda ba za a iya ƙirga su daidai daga tudun ba, kuma bin su yana ɗauke hankali daga nau'o'in da aka sa a gaba. Wasu baƙi sukan ji haushin wannan. Mu dai muna ganin hukunci ne mai kyau.

Tsakanin tashoshin biyu akwai rediyon oba-oba, kuma ba ya yin shiru a ranar da ake da aiki. Gabashin Sakhalvasho shi ne yammacin Shuamta, saboda haka kwarara ɗaya tana iya bayyana ga duka biyun. Dole a yi magana a yanke wa zai ɗauka, yawanci wanda ya fi kusa ko wanda haske ya fi yi wa kyau. Tsuntsu ɗaya mai muhimmanci, kamar gaggafa babba, akan faɗi lokacinsa da shiyyarsa da inda ya nufa. Da yamma jagorori sukan sake bin bayanan su cire abin da aka shigar sau biyu.

Inda ido ke yaudarar mutum

Rikicin da ya fi cin lokaci shi ne na shahon zuma da Buteo, musamman a tsakiyar Satumba da suke haɗuwa. Babban shahon zuma yana da ƙaramin kai da ya miƙo gaba, wutsiya doguwa, fukafukai a shimfiɗe ko sun ɗan sunkuya idan yana sulalewa, kaɗawarsa a hankali kuma mai zurfi. A wutsiyarsa akwai baƙin zane mai faɗi a ƙarshe da wasu biyu kusa da gindi. Buteo kuwa kansa faffaɗa ne, wuyansa gajere, idan yana kewaya yakan ɗan ɗaga fukafukai sama, kaɗawarsa a sandare da sauri, wutsiyar yawancinsu ja-ja ce. Wannan duka yana aiki a kan manya. Ɗan shahon zuma na bana shi ne matsalar, domin wutsiyarsa ta fi gajarta, gindin bakinsa rawaya ne, idonsa baƙi, siffarsa ta karkata zuwa ta Buteo. A nan sai a duba baƙin da ke bakin fiffike, wanda ya fi yawa a ɗan shahon zuma, da zanen gashin fiffike, wanda a jikinsa ƙalilan ne masu faɗi, a jikin Buteo kuwa sirara ne masu yawa.

Shirwa kowa yana ganin ya san ta, amma idan ta baza wutsiya tsagin yana ɓacewa, sai ta yi kama da baƙar ƙaramar gaggafa mai gashin ƙafa ko macen shahon fadama. A ƙirga yatsun fiffike idan nisa ya bari: shirwa shida, shahon fadama biyar. A duba yadda aka riƙe fiffiken: shirwa tana lanƙwasa shi ƙasa tana murɗa wutsiya, shahon fadama yana ɗaga shi sama. Ƙaramar gaggafar kuma idan ta fuskanto mutum akan ga fararen ɗigo biyu a gindin fukafukanta, kusa da wuya. Game da siraran shahunan fadama, mazan ba su da wuya. Na Montagu yana da baƙin layi a tsakiyar fiffike da jan zane a ciki, mai hasken kuwa fari ne fat da siririn baƙi a bakin fiffike. Ɗan bana na mai haske yana da farin zobe a wuya da baƙin faci a bayan zoben, kuma gefen bayan fiffikensa na waje ba shi da baƙin baki irin na Montagu. Idan ba a ga waɗannan ba, MonPalHen ake rubutawa a wuce.

Yanayin sama ma yana da nasa sharrin. Ranar da gari ya yi garau babu gajimare, tsuntsaye suna hawa har su zama ɗigo a cikin shuɗi, idon mutum ya rasa abin da zai kama, kuma da yake duwatsu a buɗe suke, da yawa sukan bi ta can ciki, gabas da Shuamta, inda ba a ganinsu. Ƙaramin adadi a irin wannan rana ba ya nufin ƙaura ta tsaya. Ranar da gajimare ya sauko kuma, garke yakan shige cikinsa ya ɓace, ya ɓullo a wata shiyyar bayan minti biyar, wanda bai lura ba ya sake ƙirga shi. Idan hadari ya tare kudu, wasu sukan juyo arewa su nemi wurin sauka, gobe da safe su sake wucewa. Da tsakar rana hucin zafi yana sa hoton da ke cikin babbar na'ura ya riƙa rawa, ƙara girmansa zuwa 60 ba ya gyara komai, gara a tsaya wajen 30. Sai kuskuren da ya fi kowanne sauƙin aukuwa: mutum yana latsa goma-goma, ya miƙa wa mai tabulet lamba 85 bai ce a ninka ba, tsuntsu 850 su koma 85. Masu ƙwarewa sukan faɗi cikakken adadi da baki, mai shigarwa ya maimaita, sannan a mayar da na'urar sifili.

Ranakun da suka fi kowanne cika sukan zo ne bayan kwana biyu ko uku na ruwa, lokacin da tsuntsayen da suka taru a arewa suka samu hanya gaba ɗaya. Wannan ya sa zuwan kwana ɗaya caca ce. Ɗan kallo ya ware aƙalla kwana huɗu ko biyar.

Kayan aiki da zama

Madubin hangen nesa 8x42 ko 10x42 ya isa. Na 8 yana da faɗin gani wajen mita 130 zuwa 140 a nisan mita 1,000, bai cika rawa a hannu ba, ya fi dacewa da ƙirga kwarara mai faɗi. Na 10 faɗinsa yakan tsaya wajen mita 110, amma ya fi nuna zane. Kowanne aka zaɓa ya zama wanda ruwa ba ya shiga, domin Batumi na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma kaka na cikin lokutan da ya fi yawa. Madubi mai arha da ba a toshe ba zai yi raɓa daga ciki a rana ta biyu, kuma ba ya gogewa. Babbar na'ura mai girman 20 zuwa 60 da ƙafa uku mai nauyi tana da amfani sosai, ƙafa marar nauyi iska za ta riƙa kaɗa ta. A riƙe rigar ruwa da wandonta, takalmi mai kama ƙasa, hula mai baki, tabarau na rana, kujerar ninkewa, da ruwan sha lita biyu. Ciwon wuya da kafaɗa shi ne abin da ke fara kayar da sabbin zuwa. Maganinsa a zauna a jingina baya, a dafa gwiwar hannu a jiki, a kuma yi amfani da maɗaurin da ke rataye madubi a kafaɗu biyu maimakon igiyar wuya.

'Yan sa kai suna sauka ne a gidajen mutanen ƙauye, suna biyan kuɗin kwana da abinci, kuɗin kuma yana shiga hannun masu gidan. Da gangan aka tsara haka, don mutanen wurin su ga amfanin tsuntsu mai rai. Mafi ƙarancin zama wajen mako biyu ne, ana ba da ranar hutu lokaci-lokaci, kuma da Turanci ake aiki a tasha. Ɗakunan na haɗaka ne, babu ƙawa. Abinci na gida ne, burodi da cuku da wake da kayan lambu, da kacapuri, wato burodi mai cuku, irin na Ajara mai ƙwai a tsakiya. A Jojiya ana cin naman alade, ana kuma kawo giya a tebur a matsayin karrama baƙo, don haka musulmi ya faɗi abin da ba ya ci tun a takardar neman shiga, ya sake faɗa wa uwar gida ranar da ya sauka. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu, Ajara na da musulmi da yawa, kuma a tsakiyar Batumi akwai tsohon masallacin Orta Jame. Azahar da la'asar a kan tudu za su riski mutum, sai ya shirya da jagoran tasha wanda zai riƙe masa shiyyarsa, ya kuma tafi da shimfiɗar da laima ba ta ratsawa.

Akwai abin da ya kamata mai zuwa ya sani tun daga gida: zai ji ƙarar bindiga. Harbin tsuntsayen farauta haramun ne a dokar Jojiya, amma ana yi a tuddan da ke kewaye, an fi yi a ranakun ruwa da tsuntsaye ke bi ƙasa, kuma dubbai ake kashewa a kowace kaka, shahon zuma ne kan gaba. Masu ƙidaya suna rubuta harbin da suka ji da tsuntsun da suka ga ya faɗi, amma ba a yarda su je su yi sa-in-sa da maharba ba. Ƙungiyar ta zaɓi hanyar zama da mutane, da koyar da yara a makarantu, da kawo wa ƙauyuka kuɗin baƙi. Wani zai ga hanyar ta yi sanyi, musamman ranar da ya ga tsuntsu ya faɗo a gabansa. Amma baƙon da zai tafi bayan mako biyu ba shi ne zai zauna da sakamakon rigimar ba. Kada kuma a haɗa maharba da masu kiwon shaho na gargajiya, waɗanda ke kama ƙaramin shaho da raga, suna jawo shi da wani ɗan tsuntsu da suka ɗaure a sanda, su horar da shi ya kama musu salwar da ke ƙaura. Sana'a ce daban mai tsohon tarihi a yankin.

Inda hidimar ta gaza

Ga ɗan kallo, ya sani ba kamfanin yawon buɗe ido ba ne. Masu ƙidaya suna da wurinsu, kuma a ranar da sama ta cika ba su da bakin amsa tambaya. Wanda bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba, ya zo shi kaɗai, zai ga ɗigo-ɗigo da yawa ya koma bai san abin da ya gani ba. Irin wannan gara ya ɗauki ɗan jagora daga Batumi na kwana ɗaya ko biyu. A makonnin farko na Satumba dandalin Sakhalvasho yakan cika da ƙafafun na'urori har wurin tsayawa ya yi wuya, sai a sammaka. Ga ɗan sa kai kuma, aikin yana da gajiya ta gaske: awa tara ko goma a waje, wata rana a ƙarƙashin tamfol ana jiran ruwa ya ɗauke, wata rana an ba shi E3 yana ƙirga ɗigo a nesa alhali gaggafa na wucewa a saman kansa wasu na kallo. Mai son ɗaukar hoto ya fi kyau ya zo a matsayin baƙo, domin ba a haɗa kyamara da na'urar ƙirga a hannu ɗaya. Tsadar tafiya daga Afirka ta Yamma ita ce babban shinge, ƙungiyar ba ta biya wa gama-garin mai ƙidaya kuɗin jirgi. Kuma lissafin kansa yana da iyaka: abin da ya wuce ta hanyar da ake gani kaɗai yake nunawa, sai an tara shekaru da yawa kafin a ce wani nau'i yana ƙaruwa ko yana raguwa. Da irin wannan tarin ne aka tabbatar shirwa masu bin Batumi sun ƙaru sosai tun da aka fara.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa, wasu daga cikin nau'o'in nan ba baƙi ba ne. Shahon Montagu da mai haske da shahon fadama suna cin rani a Sahel, ana ganinsu suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan gonakin da aka girbe da fadamu a kudancin Nijar, da dausayin Hadejia zuwa Nguru, da kewayen Tafkin Chadi, kuma fara ce babban abincin na Montagu a wannan lokaci. Waɗanda suka bi ta Batumi galibinsu gabas suke nufa, wajen Sudan da Habasha har zuwa kudancin Afirka, amma nau'in ɗaya ne, alamun ganewa ɗaya ne. Shirwar da muka saba gani da damina mai rawayan baki ce, ta Afirka, wadda ke zuwa daga Turai da rani kuwa bakinta baƙi ne. Ɗalibin nazarin halittu ko ma'aikacin gandun daji da ya yi mako biyu a Batumi zai dawo da abin da zai yi aiki da shi kai tsaye, musamman wajen ƙirga shahunan fadama a inda suke taruwa su kwana a ƙasa da magariba, domin raba shiyya, kafa layi, da ware rukunin da ba a tantance ba duka suna aiki a can.

Ana buɗe neman shiga watanni kafin kaka ta shafin ƙungiyar, kuma guraben ƙarshen Agusta da tsakiyar Satumba su ke fara cika. Ba a sharɗanta ƙwarewa ga kowa ba, ana gauraya gwanaye da masu koyo, amma wanda ya yi wata biyu yana nazarin hotunan nau'o'i goman da suka fi yawa kafin ya taso zai fara amfani tun rana ta uku maimakon ta bakwai. Hanya mafi sauƙi ita ce jirgi zuwa Istanbul, daga can wani zuwa Batumi, sannan tasi ko ƙaramar bas zuwa wajen Chakvi a hau tudu. A fara neman biza da zarar an samu takardar karɓa, a canji kuɗin ƙasar, lari, tun a cikin birni, domin a ƙauye da tsabar kuɗi ake biyan masauki.